Adon Ɗaki Ba Sai Da Dukiya Ba

Akwai wani zato da ya daɗe yana yawo a zukatan jama'a, har ya kusa zama aƙida a wurin waɗansu, wai ƙawata gida da kayan fasaha sha'ani ne na sarakuna da attajirai, talaka kuwa abin da ya kamace shi shi ne ya nemi na sawa a bakin salati, ya bar bangon ɗakinsa yadda magini ya bar masa. Wannan zato ya ƙara ƙarfi tun daga shekarar 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo, har ya zamana magidanci ko uwar amarya in sun shiga Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal sun taya agogon bango, ko furen roba, ko hoton da aka buga a ƙasar Sin, sai su fito jiki a sanyaye, suna ganin ado ya fi ƙarfinsu. Amma duk wanda ya natsu ya dubi tarihin wannan gari namu na Bauchi, ya kuma dubi abin da hannuwan mutanensa ke iya yi har gobe, zai tabbata cewa abin da ado ke bukata shi ne ido mai zaɓe, da haƙuri, da tsari, kuɗi kuwa su ne na ƙarshe a lissafi.

Abin da magabata suka bar mana

Tun kafin a san fenti ko gilashi a ƙasar nan, mutanen da suka zauna cikin duwatsunta ba su yarda su bar bango hakanan ba. A Geji, cikin ƙasar Toro, akwai dutsen da ake kira Dutsen Zane, inda mutanen dā suka zana shanu da namun daji da jan launi a jikin kogo, akwai kuma irin wannan zane a Shadawanka, nan kusa da gari, dukansu kuwa hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ta sa su cikin wuraren da ake kiyayewa. Waɗanda suka yi wannan aiki ba su da kanti, ba su da kuɗi irin namu, abin da suke da shi ƙasa ce mai launi da yatsu da sha'awar ganin kyakkyawan abu a inda suke zaune, wadda Allah ya halicci ɗan Adam da ita.

Bayan da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, sai gini ya zama babbar sana'a, magina suka sami daraja a fada. Hujja mafi girma a kan haka tana Kafin Madaki, hedkwatar ƙasar Ganjuwa a yau, inda gidan Madakin Bauchi yake tsaye, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu, shahararren maginin nan da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ya gina wajen shekarar 1860, aka kuma ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, tun Nijeriya ba ta sami mulkin kai ba. In mutum ya shiga soron nan ya ɗaga kai, ya ga yadda bakan gizo ke tasowa daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar rufi, ya ga yadda aka jera azara, sai ya tambayi kansa da me aka yi wannan aiki. Amsa ita ce da tubalin ƙasa, da itacen giginya, da makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wato abubuwan da ke zube a bayan gari, waɗanda basira kaɗai ta ɗaukaka su har suka zama abin da baƙi ke tasowa daga nesa don su gani.

A cikin gida kuwa, inda mata ke da iko, adon ɗaki ya kasance ilmi ne mai zaman kansa, shi ne jere. Iyayenmu sun fara da ƙore da akussa da faya-fayai, sannan tasoshin tagulla irin na Bida suka shigo, bayansu langa da samira, daga nan tangaran da kabad mai gilashi. Kayan sun yi ta sauyawa da sauyin zamani, amma ƙa'idar ba ta sauya ba, domin gwanar jere ana gane ta ne da yadda take ɗora ƙarami bisa babba, ta daidaita dama da hagu, ta haɗa launi da abokinsa, har mai shigowa ya ji idonsa ya huta. Sau da yawa 'yar talaka da ta sami gwanar jere ɗakinta kan fi na 'yar mai kuɗi kyan gani, mata kuwa sun san haka sarai.

Mene ne za a rataya?

Abu na fari da ya cancanci babban bango a gidan Musulmi, in an bi daraja, shi ne kyakkyawan rubutu. Ƙasarmu ƙasar alarammomi ce, masu rubuta Alƙur'ani da ka a bisa riwayar Warshu, da hannun da ya samo asali daga rubutun Magaribi, mai kauri, mai cika ido, wanda ba ya kama da na injin buga littafi. Wanda ya taɓa zama kusa da mai zayyana yana aiki ya san abin da nake nufi: zai ɗauki allo ya goge shi sumul, ya feƙe alƙalamin kara, ya tsoma cikin tawadar da aka dama da ƙaro, ya ja layi huɗu ya yi wa allon iyaka, sannan ya shiga cika gefe da da'ira da alwatika da saƙa mai shiga juna, yana sa ja a nan, rawaya a can, kore a tsakani, ba ya gaggawa, ba ya magana, sai ya bar fili a tsakiya inda za a rubuta Fatiha ko farkon Baƙara, waɗanda mai sauka zai karanta ranar walima. Gidaje da yawa a cikin gari akwai irin wannan allo a jingine bayan gado, ƙura ta rufe shi, alhali kuwa da za a kakkaɓe shi a rataye shi a zaure ko a falo, da ya ishi ɗakin ado, ya kuma riƙa tuna wa yara cewa a gidan nan an yi karatu. Wanda ba shi da allon sauka yana iya zuwa wurin alaramma da farar takarda mai kauri, a rubuta masa addu'a ko wata hikima, ya ba da abin sadaka gwargwadon hali, ya kai wa kafinta ya yi masa firam da guntayen katako.

Sai dai rubutu mai alfarma yana da ladubbansa. Malamai sun yi saɓani a kan rataya ayoyi a bango, waɗanda suka halatta kuwa sun sa sharaɗin girmamawa, saboda haka ba a sa shi ƙasa-ƙasa inda ake miƙe ƙafa, ba a sa shi kusa da makewayi, ba a kuma barinsa yanar gizo ta lulluɓe shi. Game da surar mai rai, malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mai inuwa, irin gunkin da gaɓoɓinsa suka cika, wanda suka hana, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malaminsa, ya kuma sani cewa ƙofar ado ba ta rufe masa ba, gama mafi yawan fasahar Hausa, daga dagi zuwa aska takwas, zane ne na layi da siffa wanda babu rai a cikinsa.

Abu na biyu shi ne aikin kaba da ƙwarya. Faifai yana cikin mafi arahar abin da hannu ke yi, mata ne ke ɗinka shi a cikin gida, su rina kaba ja da baƙi da shuɗi, su fitar da tauraro ko tsani ko zobe cikin zobe, kowace da irin hannunta; in aka sami biyar ko bakwai masu bambancin girma aka jera su a farin bango, babba a tsakiya, ƙanana suna kewaye da shi, ba mai shigowa da zai wuce bai tsaya ya duba ba. Haka ƙwaryar da aka yi wa zane, ko da wuƙa aka sassaƙa ta ko da ƙarfe mai zafi aka ƙona ta, irin wadda matan Fulani ke taƙama da ita. Har wadda ta tsage gyartai ya ɗinke ta ba abin yarwa ba ce, ɗinkin nan ma wani ado ne. Ƙaramar tabarma mai launi kuwa, in an kafe ta a bango bayan kujera, tana rufe tabon siminti, tana kuma rage amsa-kuwwar ɗaki.

Abu na uku tufa ce. Guntun saƙi, ko tsohon gwado, ko luru, ko yadi guda na rinin shuni irin na marinar Ƙofar Mata ta Kano, in aka miƙe shi a kan katako huɗu aka ɗame shi ta baya da ƙananan ƙusoshi, ya zama allon ado wanda ya fi na kanti girma da kwarjini. Babbar rigar mahaifi da ta tsufa, jikinta ya mutu amma aikin wuyanta na nan daram, ba daidai ba ne a bar ta ga asu. A yanke aikin da almakashi cikin natsuwa, a ɗora shi kan baƙin ƙyalle, a sa a gilashi, sai a ga ashe watannin da maɗinki ya yi yana soka allura ba su tafi a banza ba.

Abu na huɗu shi ne yumɓu da fata da ƙarfe. Wanda ke raina tukunya ya ciro takardar naira 20 ya juya bayanta, zai ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, matar da ta koyi sana'ar a ƙauyensu, ta shiga makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, aikinta kuma ya kai har Ingila da Amurka. Tulu guda mai kyan ƙira, a kusurwar ɗaki, da 'yan zangarniyar gero ko busasshiyar ciyawa a bakinsa, ya fi furen roba da ke kwasar ƙura. Tim-tim na dukawa yana yin ado yana kuma yin wurin zama. Tsohuwar tasar kaka da ta yi baƙi, in an goge ta da tsamiya da toka, sai ta dawo tana ɗaukar ido. Bayan waɗannan akwai matasa masu koyon zane da saƙa da ginin tangaran a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran makarantun gari, waɗanda bai kamata a manta da su ba, domin mai koyo yakan sayar da aikinsa da sauƙi, wanda ya saya kuma ya ƙarfafa masa gwiwa. Ana iya sa ɗayansu ya zana Ƙofar Wunti, ko duwatsun da suka kewaye gari, ko ruwan Wikki na Yankari. Kada kuma a raina zanen da yaro ya yi a makaranta, gama ranar da ya ga an sa aikinsa a firam an rataye, ranar ce zai fara ɗaukar hannunsa da muhimmanci.

Tsari ya fi yawa

Da yawa daga cikin ɗakunan da ba su da kyan gani, yawan kaya ne ya ɓata su. Za ka ga kalanda uku na shekarun da suka wuce, da agogo biyu, da hotuna birjik, da furanni, kowanne yana jan ido zuwa gare shi, har mai kallo ya rasa inda zai sauke ganinsa. Bango kamar shafin littafi yake, marubucin kirki kuwa ba ya cika shafi har baki, yakan bar gefe fari domin rubutun ya fito. Saboda haka matakin farko ba ya cin ko kwabo: a sauke duk abin da ke bango, a share yana, a toshe ramukan ƙusa, in da hali a shafa farar ƙasa ko fenti mai haske, sannan a zauna a dubi ɗakin, a tantance bangon da ido ke fara sauka a kansa in an shigo, shi ne za a ba abu mafi daraja.

Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, sai a shimfiɗa kayan a ƙasa a gaban bangon, a yi ta sauya musu wuri har tsarin ya kwanta a rai, a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin kowane biyu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rataye abu can kusa da rufi, inda sai an ɗaga wuya kafin a gan shi. Masu gidajen ajiye kayan tarihi sukan sa tsakiyar hoto daidai idon mai tsayuwa, wato wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a ɗakin da ake zama kan darduma ko tabarma kuwa ya kyautu a sauko da shi kaɗan, in ba rubutu mai alfarma ba ne. Launi ma kada ya wuce biyu ko uku masu rinjaye, a ɗauko su daga abin da ke ɗakin tun asali, kamar labule ko shimfiɗa. Bangon siminti yana son ƙusar kankare, na ƙasa kuwa gara a kafa masa ɗan turken itace. Mai zaman haya da ba a yarda ya huda bango ba, sai ya sa kafinta ya yi masa 'yar kanta, ya jingina kayansa a kai, ranar tashi ya ɗauke abinsa.

Haske shi ma ado ne, kyauta kuma ake samunsa. Wanda ya ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buɗe gininsa a 1979, ya san yadda ake bi ta hanya mai duhu kafin a fito fili inda kabarin yake, ba rufi a samansa, ba wani ƙyale-ƙyale a kansa, amma kwarjinin wurin ya cika zuciya, domin maginan sun san inda za su hana haske da inda za su sake shi. Mai ƙaramin ɗaki zai amfana da wannan darasi: ya ɗage labule da safe, ya sa madubi a bangon da ke fuskantar taga, ya ajiye tulu ko ƙwarya inda haske ke zuwa ta gefe, don zanen jikinsu ya fito.

Kiyaye abin da aka samu

Yanayin ƙasarmu yana da abokan gāba uku ga kayan ado, wato ƙurar hunturu, da laimar damina, da zafin rana, sai kuma gara da asu da ke biye da su. Tufa da takarda ba a sa su inda rana ke dukansu kai tsaye, domin launinsu zai koɗe. Ba a kuma manna firam a bangon da ke tsattsafo da ruwa a watan Agusta, sai a sa 'yan guntayen katako ta baya don iska ta riƙa ratsawa. Faifai da tabarma buroshi mai laushi suke so, ba ruwa ba. Fata tana son a riƙa shafa mata ɗan man kaɗanya in iskar hunturu ta busar da ita, a kuma fitar da ita ta sha iska in damina ta yi nisa, kada ta yi fumfuna. Mai yin haka zai ga abin da ya saya da 'yan kuɗi kaɗan ya kai ga jikokinsa.

Ciniki da adalci

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun mutane. Shawarata ita ce kada a ci bashi saboda bango. Mun ga iyaye sun sayar da gona ko sun shiga ƙangin bashi don kayan ɗakin da bayan shekara biyu an daina yayinsu, alhali addini ya hore mu da tsakaitawa, ya hana israfi kamar yadda ya hana ƙwauro, Hausawa kuma sun ce guntun gatarinka ya fi sāri ka ba ni. A fara da abin da ke cikin adaka da ɗakin ajiya, sannan a riƙa ƙara abu guda-guda, wannan sallah faifai, waccan sallah tulu, in an kwashi adashi a yi firam. Ɗakin da aka tara kayansa sannu a hankali yakan fi wanda aka cika rana ɗaya daɗin zama, domin kowane abu a cikinsa yana da labarin da mai gida zai iya bayarwa. A sayi kaya daga hannun mai yi in da hali, a kasuwannin ƙauye ko a unguwar masu sana'a, inda ba ribar dillali a kai.

Amma neman araha kada ya zama zalunci. Mukan ga mutum ya biya kuɗin hoton kanti ba tare da ya ce uffan ba, sannan ya tsuguna gaban tsohuwa mai faifai ya ce, “Inna, nawa za a sallama?”, ta faɗa, ya taya rabi, ta ce, “Albarka, ɗan nan, kwana nawa na yi ina ɗinkinsa,” ya miƙe kamar zai tafi, har bukata ta sa ta kira shi ta sallama a kan faɗuwa. Ciniki halal ne, al'adarmu ce kuma, sai dai ya kamata mai saye ya tuna cewa in faifai bai biya kuɗin kaba da wahala ba, tsohuwar nan ba za ta koya wa jikarta ba, in zayyana ba ta ciyar da mai yinta ba, almajirinsa zai ajiye alƙalami ya nemi wata hanyar abinci, sana'ar da aka gada kaka da kakanni kuma ta mutu a hannunmu muna ji muna gani.

Don haka wanda ya ƙawata ɗakinsa da aikin mutanen garinsu ya yi riba uku a ciniki guda: ya kashe kaɗan, ya sami abin da babu irinsa a gidan kowa, ya kuma sa kuɗinsa a aljihun maƙwabcinsa, Musulmi ne ko Kirista, Bagere ne ko Bajari ko Bafillace ko Basayi, inda za su zama abinci da kuɗin makaranta. Ina kira ga iyayen amare da ke shirin jere a bana su ware bango ɗaya tak ga aikin hannu na gida, ga malaman makarantu su riƙa kai yara wurin masaƙa da dukawa da masu zayyana su ga yadda ake yi, ga masu hali kuma su fara, gama abin da babba ya rataya a zaurensa shi na ƙasa ke koyi da shi. Allah ya sa albarka a hannun masu sana'a, ya ba mu wadatar zuci da gidaje masu ni'ima, amin.